Kekunan Kawu Bakanike

12 ga Janairu

Zuwa ga Kawu,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Anti da abokan aikinka. Ni lafiya ƙalau, sai ɗan mura da ya kama ni makon jiya, ya kuma sake ni. Na yi waya da Umma, ta ce in faɗa wa ƙanen nan nata mai taurin kai ya sayi wayar hannu kamar kowa. Na ce mata na gaji da faɗa, tun ranar da waccan ta faɗa bokitin baƙin mai ka ce Allah ne ya raba ku.

Kawu, kekuna sun iso! Ashirin da uku, ba wanda ya lanƙwashe a hanya. Motar ta tsaya a ƙofar makaranta muna tsakiyar darasin lissafi, daga nan kuwa lissafi ya watse. Hedimasta ya fito zai tsawata wa yara, kafin in juya sai ga shi a saman mota yana miƙo kaya. Kowane keke da 'yar takardarka ɗaure a wuyansa: wannan na dogo ne, wannan na mai gajerun ƙafafu, wannan a ba wanda ke ɗauko ƙanensa don na ƙarfafa mazaunin baya. Na karanta su duka, har na ji kamar kana tsaye a wurin.

Wani lokaci abin mamaki yake ba ni. Shekara huɗu da suka wuce aikin koyarwa ya kawo ni ƙasar nan, na rubuta maka cewa rabin ajina barci suke yi, don tafiyar awa biyu suke yi daga ƙauyukan bayan dutse kafin su iso. Ni fa ƙorafi kawai na yi. Kai kuma, tsohon bakaniken bas da ya kamata ya zauna ya huta, sai ka shiga bin unguwanni kana roƙon kekunan da aka jefar. Ku uku ne rak, kai da Mai Gemu da Likitar haƙori mai cike muku takardu, amma yau yara casa'in da ɗaya ke zuwa makaranta a kan aikin hannunku.

Akwai wata yarinya a ajin ƙarshe, muna ce mata Mai Tambaya. Mahaifinta bulo yake bugawa. Bara ya so ya cire ta saboda nisa, kekenka ne ya hana. A watan Yuni za ta zauna jarrabawar shiga sakandare, kuma ita ce idon ajina. Da ta karɓi nata wancan karon sai da ta kifa shi ta duba, ta ce, "Malama, mutumin da bai taɓa ganinmu ba, me ya sa yake goge mana har ƙarƙashin sirdi?" Na ce zan tambaye ka. To, na tambaya.

Abin da muke buƙata yanzu robar birki ce. Gangaren dutsen nan cinye ta yake yi, tsofaffin kekunan duk ƙarfe ke goga ƙarfe.

A gaida Anti.

'Yarka, Malama

9 ga Fabrairu

Zuwa ga Uwata,

Tun da kika ci sunan mahaifiyarmu ba ni da ikon ƙin amsa miki, ko da kuwa alƙalami na yi mini nauyi. Muna lafiya. Antinki na gaishe ki, ta ce murar nan daga rashin rufe taga ce. Ki gaida Yaya, ki ce mata wayar gareji na nan a bango, mai son jin muryata ya kira can.

Na karanta wa su Mai Gemu wasiƙarki muna shan shayi a kan benci. Da na zo wurin Hedimasta a saman mota, dariya ta sa Likita ta ƙware.

Ki faɗa wa Mai Tambaya: ƙarƙashin sirdi nan tsatsa ke fara ci, don ba mai duba wurin. Shi ke nan dalili. In tana son amsar da ta fi wannan daɗi, ta tambayi malamarta.

Kada ki riƙa zuga ni. Ni ƙarfe na sani. Ke ce ke tsaye gaban yara sittin kullum da yaren da ba a haife ki da shi ba.

Robar birki goma sha biyu kawai na samu, na sa a kwali, yana hanya. Shi ne kaya na ƙarshe da zai fita daga garejin nan. Ƙarshen wata zan miƙa makulli. Hannuna ya ƙi, Uwata, na kuma gaji. Yau sufana ta suɓuce mini sau uku. Zan tsaya nan.

Kawunki

3 ga Maris

Kawu,

Ina gaishe ka da Anti. Lafiyata lau. Kwali ya iso, mun gode.

Na karanta ƙarshen wasiƙarka ban san sau nawa ba. Na ninke ta na sa a jaka, na shiga aji, na fito na sake buɗewa, ko zan ga wata kalma da na tsallake. Kawu, rufe ƙungiyar za ku yi? In haka ne ba ni da bakin magana. Ka yi abin da ba wanda ya sa ka, ka yi shi shekara huɗu, ka cancanci hutu. Sai dai ka faɗa mini a fili, don in san abin da zan ce wa iyayen yara. Akwai talatin da ɗaya da na rubuta sunayensu suna jiran zagaye na gaba.

Kuma me ya sami hannun? Na kira wayar gareji sau biyu daga cikin gari, tana ta ƙara ba a ɗauka ba.

Ina jiran amsarka.

'Yarka

20 ga Mayu

Kawu,

Ina fatan kana lafiya. Fata kawai nake yi, don ban sani ba. Wata biyu da rabi ke nan ba amsa. Wayar gareji yanzu ko ƙara ba ta yi. Umma ta ce ita ma ba ta ji daga gare ku ba, na ce mata aiki ne ya yi muku yawa, don kada jininta ya hau.

Da na ga shiru, na tara iyaye a ajin ƙarshe ranar Asabar. Suka zauna a kan bencinan 'ya'yansu, gwiwoyinsu na taɓa tebur. Na ce musu kekuna sun ƙare, ba wasu masu zuwa. Ba wanda ya yi faɗa. Wata uwa ta ce, "A gode masa." Da sun zage ni da ya fi mini sauƙi.

Robar birkin nan sha biyu mun sa wa kekunan da birkinsu ya fi lalacewa. Mai Tambaya na cikin waɗanda ya kamata su samu, ta ce a ba ƙanenta na aji biyu, ita ta iya tsayar da nata da takalmi. Na sani bai kamata in yarda ba. Na yarda.

Ranar Talata, kwana goma sha biyu da suka wuce, an yi ruwa da safe. A tsakiyar gangare takalmin ya zame, ta tafi da keken har cikin kwalbati. Ƙafar hagu ta karye ƙasan gwiwa. Ni na riƙe ta a bayan mota har asibiti. Ba ta yi kuka ba sai da likita ya ce mako shida ba takawa. Ta lissafa da yatsu, ta dube ni ta ce, "Malama, jarrabawa saura mako biyar."

Kawu, zan faɗi abin da ke raina, ka yi mini duk hukuncin da ka ga dama. Ka ɗora yaran nan a kan keke, ka sa iyayensu sun saki jiki, sannan ka miƙa makulli ka yi shiru. Da gajiya ce kawai da na fahimta. Shirun ne ban fahimta ba. Ko layi ɗaya ba mu isa a rubuto mana ba?

Zan faɗa maka abin da ya biyo baya, ko kana so ko ba ka so. Washegarin faɗuwar mahaifinta, Mai Bulo, ya zo makaranta da wuƙa da tsohuwar tayar mota a kafaɗa. Na ɗauka faɗa ya kawo. Ya ce, "Malama, nuna mini robar nan da ta ƙare." Ya zauna gindin bango ya yanka tayar daidai girmanta, ya ɗaura, ya gwada, ta ƙi. Ya sake. A karo na biyar birki ya kama. Kafin la'asar ya yi wa kekuna tara. Yanzu shi ke ɗauko 'yarsa kullum a bayan keke, ƙafar a miƙe a kan katako, ya ajiye ta a ƙofar aji ya koma wurin bulonsa.

Ban san ko wannan za ta same ka ba.

Malama

14 ga Yuni

Zuwa ga 'yata Malama,

Antinki ce. Kawunki na zaune gabana, hannun dama ɗaure a ƙirji, yana faɗa mini abin da zan rubuta. Zan rubuta nasa, amma sai na gama nawa. Muna lafiya yanzu, alhamdu lillahi. Yaya ƙafar yarinya?

Wasiƙunki biyu jiya suka zo hannunmu, tare. Kin san adireshin gareji kike aikowa. Mai ginin ya sayar da wurin, za a yi shagon wanki, shi ya sa aka ce su tashi ƙarshen Fabrairu. Makullin da ya ce zai miƙa ke nan. Mai Gemu ne ya bi ta layin jiya, ya leƙa tsohon akwatin wasiƙu kamar yadda ya saba a da, ya tarar da su ƙarƙashin takardun talla.

Ba a rufe komai ba, 'yata. Wuri kawai aka sake. Likita ta ba su ɗakin ajiya a bayan asibitinta, ya ma fi wancan faɗi, har da taga. Na ce masa, "Kai da za ka rubuta an tashi daga gareji, me ya hana ka rubuta inda aka koma?" Ya ce hannun ne ya ƙage a daidai wurin, ya ɗauka ya riga ya faɗa. Shekara talatin da shida nake fama da wannan ɗaukar tasa.

Maganar hannu kuwa, jijiya ce. Tun bara yatsu biyu suka daina ji, ya ɓoye. Kekuna ashirin da ukun nan da kika yaba, da yatsu uku ya gyara su. Ina kallonsa yana danne noti da gwiwa yana juya sufana da hagu. Ranar da na kama shi ya ƙone da shayi bai sani ba, ranar na kai shi asibiti da kaina. An yi tiyata farkon Maris, wurin ya ruɓa, aka sake buɗewa, ya yi kwana ashirin da shida a kwance. Ya hana ni faɗa wa Yaya saboda jininta, ya hana ni faɗa miki saboda jarrabawar yara. Ni ma da laifina da na biye masa.

Na ɗauki ta biyun ina karanta masa. Na kai wurin kwalbati, ya ce in tsaya. Ya tashi ya shiga ɗaki ya rufe. Abincin rana na nan yadda na ajiye har yamma. Da ya fito ya ce in ƙarasa, na ƙarasa har wurin da kika yi masa faɗa. Na ce, "Yarinyar nan ta yi maka rashin kunya." Ya ce, "Gaskiya ta faɗa. Sake karanta mini wurin tayar mota." Sau uku na karanta masa.

Kada ki ɗauka a kwance ya bar aikin. Daga gadon asibiti ya sa ma'aikatan jinya biyu suka kawo kekunan 'ya'yansu. Mai share ɗakin ma ya kawo ɗaya ba taya. Yanzu a sabon wurin kujera yake sawa a tsakiya yana ba da umarni, Mai Gemu na ɗaurawa yana gunaguni. Sun gama goma sha tara.

To, ga nasa, yadda ya faɗa:

"Uwata, na yi kuskure, ki yafe mini. Ki roƙa mini Mai Tambaya da mahaifinta su yafe mini. Na aiko kekuna zuwa wurin da ke da gangare ban aiko birkin da ya isa ba, wannan laifin bakanike ne, ba na malama ba, kada ki ɗora wa kanki. Sunaye talatin da ɗayan nan kada ki goge ko ɗaya. Ki tambayar mini Mai Bulo, gefen tayar ya yanka ko tsakiya?"

Shi ke nan nasa. Sabon adireshi na bayan ambulan, na rubuta da manyan baƙaƙe. Na kuma sayi wayar hannu na sa masa a aljihu, lambar na ƙasa.

Antinki

6 ga Agusta

Zuwa ga Kawu da Anti,

Ina gaishe ku, ina yi wa Kawu sannu da jiki. Mun yi magana a waya, amma kuka ya hana ni faɗin rabin abin da na shirya, kai kuma kana ta ihu a cikinta kamar kana kiran wani daga ƙetaren titi. Bari in rubuta.

Kawu, ka yafe mini. Ina nan ina tuhumarka da guduwa, ashe kana kwance ana yanka hannun da ka ƙarar a kanmu. Da na karanta maganar yatsu uku, na fita na je inda ake jingine kekunan, na tsaya ina duba noti ɗaya bayan ɗaya. Ba wanda ya saki. Na sake tara iyaye na faɗa musu ni ce na karanta ba daidai ba. Uwar nan da ta ce a gode maka ta ce, "Ai mun san mai irin wannan aikin ba ya tafiya ba sallama." Kunya ta kama ni, ita da ba ta san ka ba ta fi ni saninka.

Ga labari. Mai Tambaya ta zauna jarrabawa da ƙafa a kan kujera ta biyu. Sakamako ya fito shekaranjiya. Ta zo ta huɗu a gundumar gaba ɗaya, an ba ta gurbi a makarantar kwana. Yara goma sha ɗaya daga ajina suka ci, bara uku ne. Mahaifinta ya karɓi takardar da hannu duk siminti, ya riƙe ta da gefen yatsu, ya ce in karanta masa. Na karanta. Ya ce, "Ta huɗu? Su wane ne ukun?" Ka ga inda ta gado.

Amsarka: gefen tayar yake yankawa, ya ce tsakiya akwai waya a ciki, tana cin ƙarfen. Ya kuma gina mana ɗan ɗaki a bayan ofishin Hedimasta da ragowar bulonsa, iyaye suka yi rufi. Duk Asabar shi da iyaye mata biyu da 'yan ajin ƙarshe suna buɗe shi. Faci, birki, ɗaure kaca, duk sun iya. Abin da ya gagare su shi ne miƙe ƙafar keke in ta karkace. Kayan aikinsu sufana biyu ne da guduma.

Mai Tambaya na takawa yanzu, da ɗan ɗingishi, likita ya ce zai tafi. Ta bar wa wata yarinya ta aji huɗu kekenta. Na faɗa mata saƙonka na neman yafiya, ta ce ba ta gane laifin ba.

'Yarku

1 ga Satumba

Uwata,

Da hagu nake rubutu, in kin ga baƙaƙen kamar sawun kaza ki yi haƙuri. Na ƙi ba Antinki alƙalami, don in ta karɓa sai ta cika shafi biyu da laifuffukana kafin ta zo kan nawa. Muna lafiya. Yatsa ɗaya ya dawo, ɗayan likita ya ce kada in jira shi.

Ba abin yafewa tsakaninmu. Wanda bai damu da yaran ba ba zai rubuta waccan wasiƙa ba.

Ta huɗu! Na faɗa wa duk wanda ya zo cire haƙori a makon nan, har wanda bakinsa ke cike da auduga.

Mun zauna mu uku mun yanke shawara. Talatin da ɗaya za su taso a watan gobe, an cika su. Daga su kuma, rabin abin da za mu riƙa aikowa kayan aiki ne da kayan gyara, tun da kun buɗe gareji kun zama abokan hamayya. Ki faɗa wa Mai Bulo shekara arba'in ina wannan sana'a ban taɓa tunanin gefen taya ba. Miƙe ƙafar keke kuwa ba a koyar da shi a takarda, sai an riƙe hannun mutum. Saboda haka zan biyo kayan. Likita ta gama mini takardun tafiya, Antinki ta ce ba za ta bar ni in tafi ni kaɗai in je in ɓata wani abu ba, tare za mu zo.

Kada a yi mini layi, kada a yi jawabi. Ki tsayar da ni kusa da ƙofa da safe kafin a kaɗa ƙararrawa, in ga shigowarsu.

Saura magana ɗaya, ki riƙe ta a cikinki, ko Yaya kada ta ji. Ban iya hawa keke ba. Babanmu bai taɓa mallakar ko ɗaya ba, da na girma kuma gyaran bas na faɗa, kunya ta hana ni koyo. Duk wanda na gyara, Mai Gemu ne ke hawa ya zagaya layi, ni ina tsaye ina sauraron ƙararsa.

Ki nemo mini fili mai laushi a bayan makaranta, da yara biyu masu ƙarfi da za su riƙe mini sirdi. Ki zaɓi waɗanda ba sa dariya. In babu, ki kawo masu dariyar.

Kawunki